Wai da bindiga mai salansa anka kashe Kennedy?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Muna zaune majalisa nan Mabera wani ya nuna muna bidiyo a waya, wai akwai mutum na biyu da ya harbi shugaba Kennedy na Amurka da bindiga mai salansa, shi ya sa ba wanda ya ji. In haka ne ke nan ana iya harbin mutum tsakiyar kasuwa ba a ji komi ba? Wallahi tun ranar hankalina bai kwanta ba.

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa, kwantar da hankalinka, bindigar da ba ta ƙara a fim kaɗai take. Na gaji da wannan magana wallahi, kullum sai wani ya kawo min ita. Ƙarar bindiga tana kai desibel 160 a ma'aunin ƙarfin sauti, salansa ta rage 20 zuwa 35, abin da ya saura ma ya isa ya lalata maka kunne. Babur ɗinka ai yana da salansa, amma in ka shigo lungu ana jin ka, to haka abin yake, Hiram Percy Maxim da ya yi rajistar ta bindiga a 1909 har ta injin mota ya ƙera.

Kuma ga abin da masu bidiyon nan ba su faɗi, sauti yana tafiyar mita 343 a daƙiƙa, harsashin doguwar bindiga kamar Carcano ɗin Oswald, wanda anka kama kan kisan Kennedy, ya fi mita 600, to shi kansa harsashin yana yin tas kamar bulala yana tsaga iska, salansa ba ruwanta da wannan. Wannan tas ɗin ita ke ruɗa mutane, kunne ya ce maka daga dama ne alhali mai harbin yana bayanka, ga gine-gine na maido amsa-kuwwa. Haka ta faru a birnin Dallas inda anka harbe Kennedy ran 22 ga Nuwamba 1963, shaidu sunka saɓa kan inda harbin ya fito, amma mafi yawansu harbi uku sunka ji, kuma kwanso uku anka tsinta a bene na shida na ginin da Oswald ke aiki. Kwamitin majalisar dokokin Amurka ya ce a 1979 ƙila akwai harbi na huɗu daga wani mutum na biyu, bisa wani faifan rediyon 'yan sanda, a 1982 masana kimiyya sunka bincika sunka ce sautin an ɗauke shi kusan minti ɗaya bayan harbin.

Abin da ke ban tsoro, mutum ya ji tas ya ce ai nokawut ne yara ke wasa, ya tsaya leƙe, ko ya nuna wani bawan Allah ya ce daga wajensa ta fito, kafin a ankara an taru a kansa. Don Allah in ka ji irin wannan ƙara ka kwanta ƙasa, ka ja jiki bayan katanga, kuma kada ka tura sunan kowa a WhatsApp.