Amsa: kar zare biyu su raba seshon ɗaya

Ɗan'uwa na ga tambayarka, ka ce ka buɗe seshon ɗaya na SQLAlchemy (laburaren Python na aiki da rumbun bayanai) a saman fayil, zare (thread, wato sassan manhaja da ke gudana tare) 8 suna aiki da shi lokaci guda, wataran lafiya lau wataran bayanai su rikice, kana tambaya ko saka makulli (lock, mai sa zare ɗaya ya jira ɗaya) zai magance. Wallahi na sha wannan wahalar, kusan sati biyu ina bin sawun matsalar a wani aiki, in na gwada a kwamfutata shiru kake ji, sai an ɗora a kan saba (server) jama'a sun yi yawa sannan rikod ya riƙa shiga rumbun bayanai rabi-rabi.

Abin da ban gane ba lokacin shi ne seshon ba hanyar wucewa ba ce kawai, yana riƙe da duk abin da ka ɗauko daga rumbu da wanda ka canza ba a tura ba tukuna, kuma tiransakshan (jerin canje-canjen da ake tabbatarwa ko sokewa tare) ɗaya ce tak a ƙarƙashinsa. To zare na farko yana tsaka da aiki sai na biyu ya kira commit(), shi ke nan fa an tabbatar da rabin aikin na farkon, ko kuma ya ci karo da kuskure ya yi rollback() ya goge abin da ba nasa ba. GIL na Python (tsarin da ke barin zare ɗaya kawai ya gudanar da kod a lokaci guda) ma ba ya hana wannan, don yana sauya zare a tsakanin layukan kod ɗinka.

Makulli zai yi in ka kulle tun farkon tiransakshan har ƙarshenta, amma kuma sai zaren su riƙa jiran juna, to meye amfaninsu? Ni ban ba ka shawararsa ba gaskiya.

Abin da ake rabawa shi ne engine (mai riƙe da konekshan zuwa rumbu) da sessionmaker (mai ƙirƙirar seshon), kowane zare ya buɗe nasa seshon ya gama ya rufe. In ka ɗauki scoped_session shi zai ware wa kowane zare nasa, amma don Allah kar ka manta remove() in aiki ya ƙare. Nan ma na taɓa ƙonewa, domin seshon da ba a rufe ba yana iya ci gaba da riƙe konekshan ɗinsa, kuma in ba ka canza saiti ba konekshan 5 ake ajiyewa da ƙarin 10, suna ƙarewa sai a jira daƙiƙa 30 a jefo maka kuskure.

Kuma kar ka miƙa wa wani zare abin da seshon ɗinka ya ɗauko, lambar id ɗinsa za ka ba shi ya ɗauko da kansa. Turo mana wajen da kake tayar da zaren mu duba tare.