Tambaya da Amsa: Iyakance Kwanan Wata a Fom ɗin Intanet

Tambaya: Assalamu alaikum. Na haɗa wa wata makaranta fom ɗin neman shiga, ana son waɗanda aka haifa daga 1 ga Janairu 2010 zuwa 31 ga Disamba 2013 kaɗai. Na sa `min` da `max` (iyakar farko da ta ƙarshe) a akwatin kwanan wata, amma da na duba sai ga ɗan 2016 ya shige. Ina gizo ke saƙar? — Mai karatu daga Zariya

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Fara da duba yadda ka rubuta iyakokin. Akwatin `type="date"` tsari ɗaya ya sani: shekara, wata, rana, wato `min="2010-01-01"` da `max="2013-12-31"`. In ka rubuta 01/01/2010 kamar yadda muka saba a takarda, burauza (manhajar buɗe shafukan intanet) ba za ta ce maka uffan ba, watsi kawai za ta yi da iyakar. Ko sifili ɗaya ka manta, ka sa 2010-1-1, haka za ta yi. Su kuwa ranakun iyaka biyun, suna cikin waɗanda ake karɓa.

In rubutun daidai yake, duba yadda fom ɗin ke tafiya. Wanda aka sa wa `novalidate`, ko aka tura da `form.submit()` ko `fetch`, ba a tantance shi. Kira `reportValidity()` tukuna, in ya dawo da `false` kada ka tura.

Amma ko duk wannan ya gyaru, aikin da saura. Abin da ke cikin burauza a hannun mai cike fom yake. Yana iya buɗe lambobin shafin ya goge `max` ɗinka cikin ƙiftawar ido. Dole sabar (kwamfutar da ke karɓar fom ɗin) ta sake bincike da kanta, a matakai uku. Ta tabbata rubutun lamba huɗu ne, sai biyu, sai biyu. Ta tabbata ranar akwai ta a kalanda: a yaren shirye-shirye na PHP, `checkdate` na yin wannan, amma wata yake fara karɓa, sannan rana, sannan shekara. Wannan matakin ne aka fi tsallakewa, alhali a yaren JavaScript, in ka miƙa wa `new Date(2013, 1, 30)` ranar 30 ga Fabrairu, ba zai ƙi ta ba, mayar da ita zai yi 2 ga Maris. (Ka lura, a JavaScript Janairu 0 ne, Fabrairu 1.) Daga nan sai kwatanci da iyakoki, kuma da yake shekara ce a gaba, kwatanta su a matsayin rubutu ma ya wadatar. Shawararmu, a rubuta iyakokin a fili kusa da akwatin, kada uba ya gama cike komai sannan a ce masa ɗansa bai cancanta ba.

Tambaya: Fom ɗina ba ya karɓar ranar da ba ta zo ba, haka na tsara shi. To amma da tsakar dare sai ya ƙi karɓar kwanan watan yau, can anjima ya gyaru da kansa. — 'Yar'uwarku daga Maraɗi

Amsa: 'Yar'uwa, da alama da `toISOString()` kike samo ranar yau. Shi da agogon UTC (agogon bai-ɗaya na duniya) yake aiki, Nijar da Najeriya kuwa suna gabansa da awa ɗaya. Daga ƙarfe 12 zuwa 1 na dare, ke kin shiga Talata, shi yana Litinin, sai ya ɗauki yau ɗinki gobe ce. Wanda ke Kumasi ba zai ga wannan ba, don agogon Ghana daidai yake da UTC. Ki haɗa ranar da `getFullYear()`, `getMonth() + 1` da `getDate()`, ki cike sifilin da ya ɓace. A sabar kuma ki saita yankin lokaci zuwa `Africa/Niamey`.

Tambaya: Yaya zan gane mutum ya cika shekara 18? — Ɗalibi daga Katsina

Amsa: Kada ka raba kwanaki da 365, shekaru masu kwana 366 za su sa ka karɓi mutum kwana huɗu ko biyar kafin lokacinsa. Cire 18 daga shekarar bana, ka bar wata da rana yadda suke, wannan shi ne `max` ɗinka. In yau 29 ga Fabrairu ce, shekara 18 baya babu wannan ranar, sai ka sa 28.