Wai za a rufe firamaren ƙauyenmu a haɗe mu da ta wani gari, mu yarda ko mu ƙi?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ni manomi ne daga wani ƙauye a ƙasar Daura, kuma ina cikin kwamitin makarantar firamarenmu. Da can makarantar tana cika, amma yanzu yaran da ke zuwa kullum ba su wuce 40 ba, malamai biyu ne sai hedimasta. To mun ji ƙishin-ƙishin wai za a rufe ta a maida yaran makarantar garin da ke gaba da mu, tafiyar kamar kilomita 4 ce kuma akwai rafi a tsakani. Wasu na cewa gara hakan tunda can akwai malamai, wasu kuma sun rantse ba za su tura ɗiyansu ba. Dan Allah a ba mu shawara.

AMSA: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Malam, Allah ya saka maka da alheri da ka damu da wannan magana har ka rubuto, don da yawa sai an sa ma ƙofa kwaɗo sannan a fara kuka.

Kafin ku ce kun yarda ko kun ƙi, akwai tambayar da ta riga wannan. Ka ce yara 40 ke zuwa. To yara nawa ne a ƙauyen gaba ɗaya masu shekara 6 zuwa 11? Na daɗe a harkar duba makarantu, kuma kusan duk inda aka ce mani makaranta ta rasa ɗalibai, in na fita daga aji na shiga gari da hantsi sai in tarar da yaran, wasu a bakin rijiya ko gindin famfo, wasu sun kora awaki, 'yan mata da farantin talla a ka. Yaran suna nan daram, makarantar ce ta rasa su.

Wannan dabara ta rufe ƙananan makarantu a haɗe su wuri guda ba a nan aka fara ta ba. A Japan duk shekara ana rufe ɗaruruwan makarantu, amma su dalilinsu haihuwa ce ta yi ƙasa, matasa sun koma birni, sai ka samu ƙauye duk tsofaffi babu yaron da za a sa aji ɗaya. Mu fa? Binciken lafiya da yawan jama'a na ƙasa na 2018 ya nuna a jihar Katsina mace na haihuwar yara 7.3 in aka yi matsakaicin lissafi, babu jihar da ta kai mu a lokacin. Kai ma ka sani, da wuya sati ya wuce ba a yi suna a ƙauyenku ba. Saboda haka in aji ya bushe a ƙasar Daura, ko Baure ne ko Zango ko Sandamu ko Mai'aduwa, sai a nemi dalilin a wani wuri.

Dalilan kuwa ku kun fi ni saninsu. Malamin da ke zaune a cikin gari yana zuwa a kan mashin, kuɗin mai ya fi ƙarfin albashinsa, sai ya koma zuwa kwana biyu ko uku a sati, uba kuma ya ga yaro ya je ya dawo ba a yi mashi komai ba, ya ce to gara ya bi ni gona. Iska ta yaye kwanon aji biyu tun bazarar bara ba a gyara ba. Yaro ya kai aji biyar bai iya karanta wasiƙa da Hausa ba, maƙwabci ya gani ya ce ni kam nawa gabas zan tura shi ya yi karatun allo. Ga ci-rani, ga talla don tara kayan ɗaki, ga lokacin girbi da ake ɗauke yara gaba ɗaya. Duk waɗannan ba abin da haɗe makaranta zai warkar a cikinsu, in ma bai ƙara ba.

Akwai wuraren da maganar ta bambanta, dole in faɗa. A yankunan Batsari, Jibiya, Safana, Ɗanmusa, Ƙanƙara, Faskari da Sabuwa, matsalar 'yan bindiga ta tada ƙauyuka ɗungurungum, kuma tun bayan sace ɗalibai sama da 300 a sakandaren kimiyya ta Ƙanƙara a Disambar 2020 iyaye da malamai suka ƙara tsorata. Inda mutane suka yi hijira, to dole makaranta ta bi yaran inda suka koma, ba wanda zai ce malami ya zauna a kufai. Amma daga yadda ka bayyana, ku ba wannan ne halinku ba.

Kuma kada ku ɗauki masu wannan shawara a matsayin maƙiya. Su ma da hujjarsu. Tsarin ilimi na ƙasa ya ce malami ɗaya ga yara 35 a firamare. Ku kuna da mutum uku a kan yara 40, alhali a cikin garin Daura ko Katsina za ka shiga aji ka ga yara sun haura ɗari a zaune a ƙasa, malama ɗaya tana fama har muryarta ta dishe. Albashin malaman firamare daga kason ƙananan hukumomi yake fita, kuma ba ya isa, to wanda ke zaune a ofis da takarda a gabansa in ya kalli lambobin nan dole ya ce ana asara. Sannan gaskiya ne malamai biyu ba za su iya riƙe aji shida yadda ya kamata ba in dai ana so kowane aji ya zauna daban. Wannan duk na yarda.

Inda nake rabuwa da su shi ne maganar tafiya, don takarda ba ta nuna ta. Kilomita 4 zuwa, kilomita 4 dawowa, 8 kenan kullum. Babban mutum mai sauri zai yi kusan awa guda a zuwa kawai, to ina ga yaro ɗan shekara shida da ya sha koko kofi ɗaya, ko ma bai sha komai ba, ya fita cikin hunturu da sanyin safiya ƙafa duk faso, ko ya dawo da azahar a watan Afrilu lokacin da rairayi ke ƙuna kamar an zuba garwashi? Sati na farko za su je da ɗoki, sati na uku an fara fashi, kafin zango ya ƙare rabi sun zauna gida. Ga rafin da ka ambata, a watan Yuli da Agusta in ya kawo ruwa babu uwar da za ta bar ɗanta ya tsallaka, kuma tana da gaskiya. In an ce a ɗauki ɗan acaba, mutum mai yara huɗu ko biyar a makaranta ina zai samu kuɗin zuwa da dawowa kullum a wannan tsadar mai? Sannan yaron da ya dawo ƙarfe uku a gajiye, Islamiyyar la'asar ta wuce shi ko ya je yana gyangyaɗi, to nan ma wasu iyayen za su zaɓi ɗaya, kuma ka san wadda za su zaɓa.

'Yan mata su ne na farko da za a cire. Wannan ko shakka ba na yi. Uban da ya bar ɗiyarsa 'yar shekara goma ta je makarantar da yake hango ta daga ƙofar gida, ba zai bar ta ta bi hanyar gonaki ita da ƙawayenta har wani gari ba, musamman in dawa da gero sun yi tsawo. Na taɓa bin sawun wata makaranta da aka maida yaranta wani gari, da na duba rajistar can bayan shekara, sunayen mazan da dama suna nan, na matan kuwa sai ɗai-ɗai, abin ya daɗe yana damuna.

Ƙasar Sin ta gwada wannan da faɗi. Daga 2001 suka shiga rufe makarantun ƙauye suna haɗe su, cikin kamar shekara goma sama da rabin firamaren karkara suka tafi. Abin da ya biyo baya shi ne doguwar tafiya, haɗurran motocin ɗaukar yara, ƙarin kashe kuɗi a kan talakawa, da yaran da suka bar karatu, har a 2012 gwamnatinsu ta taka wa abin birki ta ce ba a ƙara rufe makaranta sai an bi ƙa'ida an ji ta bakin iyaye. Su da ke da motoci da hanyoyi da ɗakunan kwana kenan.

To mene ne mafita? Abin da na fi ba mutane shawara a irin halinku shi ne a raba. Aji 1 zuwa 3 su tsaya a ƙauye, a matsayin reshen babbar makarantar, hedimasta ɗaya ya riƙe duka biyun. Aji 4 zuwa 6, waɗanda ƙafarsu ta yi ƙwari, su ne za a iya tunanin su tafi, su ma a ƙungiya, kuma in har da rafin nan to gara a nemi a bar su su ma. Ofis ya samu sauƙin da yake nema, ku kuma ƙananan yaranku ba su bar gida ba.

Akwai kuma koyar da aji biyu a ɗaki ɗaya da malami ɗaya. Mutane na raina shi suna ganin dabarar rashi ce, alhali fanni ne da ake horar da malami a kai, ya ba wannan rukuni aiki su yi, ya juya ga wancan, manya su taimaki ƙanana. A Kolombiya tun 1975 suka gina tsarin makarantun karkararsu a kan wannan kuma ya yi masu amfani ƙwarai har wasu ƙasashe suka kwaikwaya. Mu ma ai ba baƙonmu ba ne, makarantar allo haka take tun kaka da kakanni, malam ɗaya, kolo da titibiri da gardi duk a zaure guda kowa da inda allonsa ya tsaya. Da malamai uku da suke zuwa kullum, aji shida a ɗaki uku abu ne mai yiwuwa. Kuma tunda tun 1989 gwamnati ta kafa hukumar ilimin makiyaya don ta kai makaranta har ruga, ba daidai ba ne a ce mutanen da ke zaune wuri ɗaya su ne za a ɗauke ma tasu.

Ku duba ko akwai ɗan ƙauyenku ko ɗiyar ƙauyenku mai takardar shaidar koyarwa ta NCE, daga kwalejin Isa Kaita ta Dutsin-ma ko FCE Katsina ko ta Yusufu Bala Usman nan Daura, da ke zaune ba aiki. Malami ɗan gari ba ya fashi don mai, kuma yana jin kunyar iyayen yara. In mace ce ma ya fi, don ganin malama kaɗai na sa iyaye su saki 'yan mata.

Akwai inda nake goyon bayan haɗewa ba tare da wata-wata ba: makarantu biyu da ke kallon juna, tsakaninsu bai kai kilomita ɗaya ba, an gina ta biyun ne don unguwa kaza ta yi fushi ko don wani ɗan siyasa ya yi alkawari. Wannan kam a haɗe, a tara malaman wuri guda. A ganina in tafiya ta wuce kilomita 2 ga ɗan aji ɗaya to ta yi yawa, taku kuwa ninki biyu ce.

Ku tuna kuma makaranta in aka rufe ta, buɗe ta ya fi wuya nesa ba kusa ba. Shekara ɗaya a cire tagogi da ƙofofi, shekara biyu a fara ɗaure dabbobi a aji, na gefe ya matso da iyakar gonarsa cikin filin ƙwallo. A nan ake kafa rumfar zaɓe, a nan masu rigakafi ke zama, duk sai su bi ta.

Abin da za ku yi yanzu, kada ku tsaya kan ƙishin-ƙishin. Ku zauna da mai gari da liman da hedimasta, ku ɗauki littafi ku bi gida-gida ku rubuta duk yaron da ya kai shekara 6 zuwa 11, sunansa, sunan mahaifi, namiji ko mace, yana zuwa ko ba ya zuwa, in ba ya zuwa me ya hana. Ku sa mata biyu ko uku a cikin masu zagayen don su ke shiga cikin gida, kuma uwa ta fi faɗa ma mace gaskiya. Aikin kwana uku ne ko huɗu. Da wannan littafin za ku rubuta takarda da sunan kwamitinku na kula da makaranta, wato SBMC, zuwa ga sakataren ilimi na ƙaramar hukuma, ku ba hakimi kwafi, ku aika ɗaya hukumar ilimin bai-ɗaya ta jiha, wato SUBEB, a Katsina, ku faɗi nisan hanya, ku faɗi rafin da watannin da yake cika, ku sa hotonsa in yana da ruwa, ku nemi a zo a gani da ido kafin a yanke hukunci.

Dokar ilimin bai-ɗaya ta ƙasa, wato UBE, ta 2004 ta ɗora ma gwamnati ba kowane yaro ilimi kyauta kuma dole, firamare shekara 6 da ƙaramar sakandare shekara 3. Kuna da damar tsayawa a kanta. Amma Malam, dokar nan kaifi biyu gare ta, ta ɗora ma uba shi ma ya kai ɗansa, har da tara ga wanda ya ƙi bayan an gargaɗe shi. Ba zai yiwu ku je ofis kuna roƙon a bar maku makaranta alhali yaranku na bakin kasuwa da hantsi ba, za a tambaye ku, kuma tambayar tana kan hanya. Don haka tare da takardar ku kai alkawari a rubuce na yawan yaran da za ku maido aji a zango mai zuwa, mai gari ya sa hannu, liman ya yi magana a kai bayan sallar Juma'a. Ku gama wannan kafin shigar sabuwar shekarar karatu a watan Satumba, lokacin da ake ɗaukar 'yan aji ɗaya, kuma in kun gama ƙidayar ka sake rubuto mani adadin da kuka samu, maza nawa mata nawa, sai mu duba yadda za a tsara takardar tare.