Fatawa: Hukuncin tace maniyyin miji a asibiti don neman haihuwa

Tambaya: Assalamu alaikum. Allah ya gafarta Malam, ni direban tirela ne a Aboabo, Kumasi. Shekararmu bakwai da aure, iyalina ta yi ɓari sau biyu. Likita ya auna ni, ya ce zaren gado (wato DNA, mai ɗauke da abin da ɗa ke gada daga iyayensa) da ke cikin ƙwayoyin maniyyina ya kakkarye, sai an tace an zaɓi lafiyayyu kafin a haɗa da ƙwanta. Yayana ya ce wannan shiga hurumin Allah ne. Ya halatta?

Amsa: Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa, Allah ya saka maka da ka yarda aka auna ka. Sau nawa muka ga an saki baiwar Allah a zangonninmu, alhali matsalar daga maigida take?

Tacewar halal ce. Dubi abin da ake yi ɗin. Wani lokaci a ɗora ruwan magani a kan maniyyin, ƙwayoyi masu ƙarfi su yi iyo su hau sama, a kwashe su. Wani lokaci inji ya juya shi da gudu, masu kyau su kwanta a ƙasa. Akwai kuma ɗan faranti mai siraran hanyoyi da ƙwayoyin ke ratsawa da kansu. A duk waɗannan ba a ƙara komai, ba a sauya halittar komai. Manomi ne yake zaɓen iri, tsiro kuwa na Allah ne. Ai ko a jikin mace miliyoyi ke kama hanya, ɗaya tak ke shiga ƙwai. Ka tuna wa Yayanka, cikin ladabi, hadisin Buhari cewa Allah bai saukar da cuta ba face ya saukar da maganinta.

Waɗanda aka zubar fa? Ba kisan rai ba ne. Jabir, Allah ya yarda da shi, ya ce sun kasance suna azalu, wato zubar da maniyyi a waje yayin saduwa, Alƙur'ani yana sauka, ba a hana su ba. Haɗa ƙwan a waje kuwa, Majalisar Fiƙihu ta ƙasashen Musulmi ta halatta shi a zamanta na Amman a 1986, muddin daga miji da matarsa ne, aka mayar mahaifar ita matar, kuma akwai buƙata.

Inda nake ji maka tsoro shi ne nasaba. Ɗakin gwaji ɗaya ne, mutane da yawa, 'yan kwalaben kuma duk kama ɗaya. Kada kunya ta sa ka ajiye naka a kan kanta ka fice da sauri. Tsaya a rubuta sunanka da na iyalinka a kan idonka, ka tambayi yadda suke kiyaye cakuɗuwa. In suka ce naka ya yi rauni, ga na wani, to ka tashi, haramun ne ko da ɗan'uwanka ne ciki ɗaya. Abin da aka daskarar kuma, in mutuwa ko saki ya raba auren, ba a amfani da shi.

Fitar da maniyyin da hannunka haramun ne a mazhabarmu ta Malikiyya, saboda haka iyalinka ta taimaka maka, ko ku nemi robar musamman da ake tara shi yayin saduwa. In duk sun gagara, larura ce. Wanka ya hau kanka, kuma kada a sa maka rana da azumin Ramadan a bakinka. In da allura aka ɗebo daga maraina, kamar yadda ake yi wa wasu, babu wanka, tunda ba da sha'awa ya fita ba.

Kafin ka zuba sidi dubbai, ka sani likitoci ba su gama haɗuwa a kan cewa sababbin na'urorin sun fi kawo haihuwa ba. Sigari, zafin zama a mota daga Tema har Wagadugu, da kumburin jijiyoyin maraina duk suna lalata zaren nan. Ƙwayar maniyyi tana ɗaukar kusan kwana 74 kafin ta kammala, don haka ka tambayi likitanka ko za a gyara waɗannan, a sake awo bayan wata uku. Wallahu a'alam.