Gyaran gidan haya ta hannun dillali: amsoshin tambayoyinku

Duk shekara da zarar damina ta ja baya, tambayoyin gidan haya ne ke cika mini waya. A wannan makon na zaɓi huɗu, uku daga masu gida, ɗaya daga dillali.

"Assalamu alaikum. Ina zaune a Kwatano ina harkar kaya. Ina da gida mai ƙofa huɗu a unguwar Zariya ta Maradi, kowace ƙofa jika 25 (sefa dubu 25) a wata, dillalin da na damƙa wa yana ɗaukar kashi 10 cikin 100. Wata uku ke nan a jere kuɗin ba sa zuwa cikakku: yau famfo, gobe kwano, jibi ƙofar banɗaki. Ban taɓa ganin rasit ba. In karɓe gidan in ba ƙanena, ko in kai wa masu ofis ɗin kula da gidajen hayar nan?" Alhaji, Kwatano.

Wa alaikumus salam, Alhaji. Kafin ka karɓe gidan, amsa wa kanka wannan: ranar da ka miƙa masa makullai, me kuka yi da shi game da gyara? Ina kyautata zaton cewa kawai ka yi "na ba ka amana", ya ce "in sha Allahu", kuka yi musabaha. Haka yawancinmu muke yi a Maradi, kuma daga nan ne zargi ke tsirowa. Ba ka yanka masa iyakar abin da zai kashe ba, ba ka ce ya kawo shaida ba, yau kuma kana nesa kana lissafi da zuciya. Mai yiwuwa yana cin kuɗinka. Mai yiwuwa kuma gidan ne ya tsufa, gyaran na gaskiya ne. Daga Kwatano ba za ka iya bambancewa ba, kuma bai halatta ka yanke masa hukunci a kan zato ba.

Dillalin da ke riƙe da gida wakili ne. A fiƙihu da a dokar ƙasa duka, wakili yana aiki ne cikin iyakar da aka ba shi, dole ya ba da bayanin abin da ya shiga hannunsa da abin da ya fita, kai kuma dole ka mayar masa da abin da ya kashe a kan dukiyarka bisa ƙa'ida. Neman lissafi ba cin fuska ba ne. Ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi ta sauka, kuma da muminai take magana.

Ku zauna, ko ta waya ce, ku rubuta takarda ɗaya da shaidu biyu. Ka yanka masa adadi, a ce jika 10 ga gida irin naka: duk gyaran da bai kai haka ba ya yi kansa tsaye, ya ajiye rasit. Abin da ya haura, sai ya aiko da hoto ko bidiyo ta WhatsApp, da lissafin mai aikin, kayan aiki daban, kuɗin hannu daban, ka amince tukuna. A ware abubuwan da ba sa jira: bututun ruwa da ya fashe, wayar kuran, wato wutar lantarki, da ke tartsatsi, rufin da iska ta yaye, bangon da ya rinjaya. Waɗannan ya tsayar da ɓarnar nan take, ya sanar da kai a ranar. Sannan kowane ƙarshen wata ya aiko da shafi guda: ga abin da kowace ƙofa ta biya, ga ladansa, ga gyara, ga saura. Ka kuma nemi hoton takardar kamfanin wuta na NIGELEC da ta ruwa da aka biya, domin bashin kuran da ya taru a kan mita mai sunanka, ƙofarka zai ƙwanƙwasa bayan ɗan haya ya tashi.

Akwai wani abu da masu gida ba sa lura da shi. Ladan dillali yana fitowa ne daga haya, gyara kuwa zirga-zirga ce kawai a gare shi: neman magini, tsayuwa a rana, man babur. In ba ka sa masa komai a kan wannan wahala ba, mai raunin zuciya zai nemi nasa a cikin farashin kaya. Gara ka ce a fili, babban aiki in ya taso ga ladan tsayuwa kaza. Ya fi maka arha.

Batun ƙanenka, ni ban ba ka shawarar ka ɗora masa karɓar haya ba. Ɗan'uwa in ya taɓa kuɗin ba ka iya tambayarsa, in ka tambaya zumunci ya yi rauni. Ka bar shi ya zama idonka: ya leƙa gidan sau ɗaya a wata biyu, ya ga aikin da aka ce an yi. Masu ofis kuwa, ofis ba ya hana ha'inci, abin da suka fi da shi shi ne rubutu da wurin da za ka same su. In za ka je, ka nemi ganin takardar rajistarsu da irin lissafin da suke aika wa sauran masu gida. Amma ka fara gwada wannan tsari da mutuminka na wata uku. Wanda ya ƙi rasit bayan an yi yarjejeniya, ya ba ka amsa da kansa.

"Maigidana ya rasu ya bar mana shago da banɗaki a bayansa kusa da Babbar Kasuwa, tela ne a ciki. Ramin masai ya rufta da damina. Telan ya gyara da kuɗinsa, ya ce wa dillali ba zai biya hayar wata uku ba. Da wannan haya nake ciyar da marayu. Yana da gaskiya?" Hajiya, Ali Ɗan Sofo.

Allah ya jiƙan maigida, Hajiya, ya raya abin da ya bari. Zan faɗa miki yadda abin yake ko da bai yi daɗi ba: gyaran nan naku ne. Hayar shago tana ƙarƙashin dokar kasuwanci ta OHADA, ƙungiyar ƙasashen Afirka masu dokar kasuwanci ɗaya wadda Nijar ke cikinta, kuma aya ta 106 ta dokar da aka sabunta a 2010 ta ɗora manyan gyare-gyare a kan mai gida. Ta ambaci manyan bangaye, da ginshiƙan rufi, da rufin kansa, da katanga, da ramin masai da na ruwan datti. Na ɗan haya shi ne ƙananan gyaran yau da gobe, irin makulli, kan famfo, ƙwan fitila.

Sai dai shi ma telan ya yi gaggawa. Aya ta 107 ta ce in mai gida ya ƙi yin babban gyara, ɗan haya zai nemi izinin alƙali, alƙali ne zai faɗi adadin kuɗin da yadda za a mayar masa. Ba shi zai yanka wa kansa ba. Abin da nake so ki bincika shi ne: ya faɗa wa dillali kafin ya taɓa? In ya faɗa, dillalin ya kawo miki maganar? Sau da yawa a nan igiyar ke tsinkewa.

Kada ki kai maganar gidan shari'a tun yanzu. Ki samu magini da kika yarda da shi ya duba aikin ya kimanta, telan ya kawo lissafinsa, ku zauna gaban mai unguwa. Abin da aka tabbatar, a riƙa cire shi kaɗan-kaɗan, a ce kashi ɗaya cikin uku na hayar kowane wata, yadda tukunyar marayu ba za ta sauka ba. Tela mai sana'a a bakin kasuwa ba ya son tashi, zai yarda.

"Dillalina ya ce a sake kwanon ɗaki biyu. In tura masa kuɗi ya saya, ko in saya da kaina?" Malam, Bagalam.

Tunda kana gari, Malam, je ka saya da kanka, ka tafi da kafintan da zai yi aikin. Kwano kala-kala ne, kauri ya bambanta, kuma mai sirantaka da mai kauri daga ƙasa duk ƙyalli ɗaya suke yi. Kafin a sayi komai a hau a duba katako, don in gara ta cinye shi, sabon kwano a kan ruɓaɓɓen katako iskar farkon damina ce za ta ɗauke. A sayi ƙusa mai hula da roba. Siminti kuma kada ka saya ka jibge tun da wuri, yana jan danshi ya daskare a buhu. Lokacin wannan aiki shi ne rani, kafin watan Mayu ya ƙare.

"Ni dillali ne, gida tara ke hannuna. Kullum mu ake kira ɓarayi. Amma akwai mai gidan da na kira sau biyar a kan rufi yana yoyo, sai ya ce 'a lallaɓa'. 'Yan haya ni suke zagi. Me zan yi?" Ɗan'uwanku, Sabon Gari.

Na ji daɗin wannan wasiƙa, ɗan'uwa, don gaskiyarka ce, kuma ni kaina na taɓa zama irin mai gidan nan. Akwai ɗakin haya da aka bari gado, ni nake kula da shi, aka ce mini silin ya yi tabo. Na je na gani: tabon bai wuce faɗin faifai ba, launin ruwan shayi, a kusurwar gabas. Na ce a bari sai bayan salla. Ƙusa uku ne suka saki a sama. Kafin Agusta ya fita ruwa ya bi bango ya sauka, yaɓen ya kumbura ya zube, matar gidan ta jera robobi huɗu a kan katifar 'ya'yanta, ta ɗauke yaran zuwa ɗakin maƙwabciya cikin dare. Har yau in na tuna fuskarta da safen nan sai kunya ta kama ni. Abin da na biya daga baya ya ninka na farko sau da yawa, kuma iyalin sun tashi.

A garin nan ba wasa ba ne. Duk wanda ke Maradi a ƙarshen Agustan 2024 ya ga abin da ruwan sa'o'i kaɗan ya yi wa gidaje, har da asarar rayuka. Ƙasarmu yashi ce, ruwa in ya samu gindin bango yana rarake shi ta ƙasa, mutum yana ganin gini tsaye alhali ƙarƙashinsa ya tafi.

Ka daina kiran baki kaɗai. Tura masa bidiyon yoyon da saƙon murya mai ɗauke da kwanan wata, da lissafin kafinta, ka ce nan da kwana bakwai kana jiran izini. Ka gaya wa 'yan hayar ka tura, ka nuna musu. Kada ka ɗebi haya ka yi babban aiki ba da yardarsa ba, don gobe kai za a bi. Ka ba shi shawarar a riƙa ware wani abu daga hayar kowane wata, ko jika 5 ne, a ajiye don gyara, yadda ranar da abu ya taso ba sai an jira ya aiko ba. In ya ƙi duk wannan, rufin kuma yana barazana ga mutanen da ke kwana a ƙarƙashinsa, ka kira shaidu biyu, ka mayar masa da makullansa da lissafinsa cikakke, ka sanar da 'yan hayar a ranar cewa gidan ya bar hannunka.