Amsa: Haɗuwar masu jita duk mako a Damagaram

Malam, ka ce ku huɗu ne, kuna so ku riƙa haɗuwa kuna kaɗa tsofaffin waƙoƙin rok, amma ba ku da ganguna, ba ku da wuri. To, ganguna kam kada su hana ku. Ku kifa babbar ƙwarya kan bargo, dunƙulen hannu ya ba da amon ƙasa, yatsu masu zobe su ba da na sama. Haka masu jitar Agadas suka daɗe suna yi, kuma Bombino kansa, shahararren mai jita na Agadas, ya koyi abubuwa da yawa daga kallon bidiyon manyan masu jitar rok, Jimi Hendrix da Mark Knopfler.

Wuri kuwa, tsakar gida ta isa, in dai kun gaya wa maƙwabta. Ku fara bayan la'asar, ku tashi kafin magariba. A nemi amfuli, wato na'urar ƙara sauti, mai batir, don kuran ba shi da tabbas.

Abin da ke kashe irin wannan zama shi ne kowa ya zo da tasa waƙar. Ku zaɓi biyu tun ranar Litinin, a tura a WhatsApp, kowa ya koya a gida. Kuma lokacin hunturu a mayar da jita cikin jakarta, bushewar iska tana tsaga katakon. Tsirkiya in ta tsinke, a ba mai zuwa Kano sautun sabuwa.