Amsa kan lissafin diyya idan kamfanoni sun haɗa baki a farashi

Malam ka tambaya in an kama kamfanoni sun haɗa baki sun ɗaga farashi, ta yaya alƙali zai san nawa aka cuci mai saye, kuma ko tarar da ake cin su tana shiga aljihun wanda aka cuta. Ta biyun dai a'a ne, tara ta hukuma ce, diyya kuwa sai ka shigar da ƙara da kanka.

Ni akanta ne a Ingila, an taɓa ɗaukata in taya lauyoyi haɗa takardu a irin wannan shari'a, wata huɗu ina tonon tsofaffin rasit a sito har ƙura ta sa min mura. Abin da na gane shi ne duk rigimar a kan farashin da ba a taɓa sayar da kaya a kansa ba ake yinta, wato nawa za ka biya da ba su haɗa bakin ba. Abin da ka biya yana rubuce, wancan kuwa sai kirdado, bambancin da ke tsakaninsu shi ne asararka. Sai kowane ɓangare ya ɗauko masanin tattalin arziki, a kwatanta farashi kafin haɗin bakin da lokacinsa da bayansa, ko a duba wata ƙasar da abin bai shafa ba, sannan a cire tashin da ke da dalili kamar tsadar ƙarfe da canjin kuɗi, kuma wallahi da takardu iri ɗaya mutum biyu za su fito da amsa kamar gabas da yamma, kowa na kare wanda ya biya shi.

Dubi shari'ar manyan motoci a Turai. Kamfanonin ƙera su, MAN da Volvo/Renault da Daimler da Iveco da DAF, sun yi ta haɗa baki daga 1997 zuwa 2011, a 2016 Hukumar Tarayyar Turai ta ci tarar yuro biliyan 2.93, MAN bai biya ko sisi ba don shi ya tona asiri. Daga baya Royal Mail, kamfanin aika wasiƙu na Birtaniya, da BT, kamfanin sadarwa, waɗanda suka sayi motocin, suka maka DAF a kotun gasar kasuwanci ta Birtaniya, masanin DAF ya ce ba a cuci kowa ba, na masu ƙara ya kawo adadi mai tsoka, a 2023 kotu ta ce kowanne lissafi na da rauni, ta tsaya a kan cewa ƙarin da aka yi musu kashi 5 cikin 100 ne na farashin motocin. Kotun ƙolin Sifaniya ma a wannan shekarar kashi 5 ɗin ta yanke. Kar ka raina biyar ɗin nan fa, ka lissafa dubban motoci, ga kuɗin ruwa na shekara da shekaru a kai.

Wata dabarar da kamfanoni ke fakewa da ita, su ce ai kai ma ka ɗora wa kwastomominka ƙarin, to me ka rasa? A Turai ana sauraron wannan hujja, amma su za su tabbatar, DAF ya gwada bai ci ba. Amurka ta rufe wannan ƙofa tun 1968, a 1977 kuma kotun ƙolinsu ta ce a dokar tarayya wanda ya saya kai tsaye ne kawai ke neman diyya, kuma ninki uku ake ba shi. Najeriya ma dokar gasar kasuwanci da kare masu saye ta 2018 (FCCPA) ta haramta haɗa baki kan farashi.

Shari'ar da na yi wa aiki dai ba a kai ga hukunci ba, sulhu aka yi a waje kamar yadda galibi ake ƙarewa. Rasit ɗin shekara uku sun ɓace wajen sauya ofis, lauyoyin ɗaya ɓangaren suka riƙe wannan gam, kuɗin shekarun nan ɗan abin da bai taka kara ya karya ba aka samu.